Samarin Zango, zaman bencin nan ya isa haka

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci a nan unguwar Aboabo da ke Kumasi, wasu ma'aikatan jinya sun kafa tebur a ƙarƙashin rumfa suna yi wa jama'a awon hawan jini kyauta. Dattawa ne suka cika layin, kamar yadda aka saba, sai ga ɗan maƙwabcina, yaro mai shekara 16 wanda na halarci walimar sunansa, ya kutsa ya miƙa hannu don wasa, abokansa suna zuga shi. Ma'aikaciyar ta ɗaura masa abin awon a damtse, ta dubi lambar, ta ce ya zauna ya huta, sannan ta sake aunawa a ɗaya hannun. Da idona na ga 138 bisa 88. Ta tambaye shi, "Ɗana, kana buga ƙwallo kuwa?" Ya ce, "A waya nake bugawa, Anti." Abokansa suka kwashe da dariya, ni kuwa jikina ya yi sanyi, domin wannan lamba ce da muka saba gani a katin asibitin iyayenmu.

Awo ɗaya ba ya tabbatar da ciwo, kuma ma'aikaciyar ta gaya masa haka, ta ce sai an maimaita a ranaku daban-daban kafin a yanke hukunci. Amma ku sani, ƙannena, tun shekarar 2017 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta sa ma'auni cewa daga shekara 13 zuwa sama, lafiyayyen jini shi ne wanda bai kai 120 bisa 80 ba, wanda kuwa ya tsaya a 130 bisa 80 ko ya zarce, to ya shiga sahun hawan jini. Ruwa ba ya tsami banza. Na san yaron nan, na san yadda yake wuni, kuma wuninsa shi ne wunin yawancinku.

Da safe ya fito daga gida, tafiyar da ba ta kai minti 15 a ƙasa ba, sai ya tare pragya, wato babur mai ƙafa uku na haya. A makaranta yana kan kujera tun safe har bayan azahar. Ya dawo, ya ci abinci, ya nufi bes, wato majalisar samari, ya hau benci, a ɗora butar shayin ataya a kan gawayi, kai a sunkuye, babban yatsa kaɗai ke motsi a kan gilashin waya. A kira la'asar suna nan, a kira magariba suna nan, wanda Allah ya taimaka ya miƙe ya yi salla ya dawo mazauninsa tun bencin bai huce ba. Dare ya raba, ya koma ɗaki ya kwanta da wayar a kan ƙirji har ƙarfe biyu. Ku lissafa da kanku, awa nawa ke nan jikin saurayi yana naɗe wuri guda kamar tabarma? Na ga wanda uwarsa ta aike shi sayen koko da ƙosai a bakin layi, ya kira ƙaninsa a waya daga tsakar gida ya tura shi, shi ko motsawa bai yi ba. Na ga wanda ya ƙi taka ƙafa daga Aboabo zuwa Asawase da ke maƙwabtaka da mu, ya tsaya rabin awa yana jiran abin hawa. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi, ku kuwa kun mai da zaman sana'a.

Allah ya halicci jijiyoyin jini da laushi, suna buɗewa suna tsukewa gwargwadon bukata. Idan mutum yana tafiya ko gudu, naman ƙafafunsa yana matsa jijiyoyin yana tura jini ya koma zuciya, gudun jinin kuma yana sa bangon jijiyar ya saki wani sinadari da ke sassauta ta. Gaskiya ne jini yana hawa a lokacin da ake motsa jiki, amma da an huta sai ya sauka ƙasa da inda yake a da, ya ɗauki awoyi a haka, kuma wanda ya lizimci motsi zuciyarsa tana koyon tura jini mai yawa da bugu kaɗan. Dogon zama yana yin akasin haka. Jini ya taru a ƙafafu, jijiyoyi su fara tauri, kitse ya taru a ciki, ita kuwa zuciya dole ta ƙara ƙarfi don ta tura jini ta hanyar da ta ƙuntata. Shekara da shekaru a haka, naman zuciyar ya yi kauri, ƙoda ta gaji, ƙananan jijiyoyin ido da na ƙwaƙwalwa su raunana. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ciwon ba ya sallama. Babu zazzaɓi, sau da yawa ko ciwon kai babu, saurayi yana jin kansa garau alhali ɓarna tana gudana a ciki. Likitoci sun daɗe da lura cewa yaron da jininsa ke sama a ƙuruciya, galibi da shi yake girma. Waɗanda ake kwasa zuwa asibitin Komfo Anokye da shanyewar ɓarin jiki suna da shekara arba'in da 'yan kai, da yawansu ciwon ya daɗe yana cin su a ɓoye.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk mai shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 60 a kowace rana, irin wanda ke sa numfashi ya ƙaru, gumi ya karyo. A shekarar 2019 ta fitar da binciken da ya shafi ɗalibai miliyan 1.6 a ƙasashe 146, aka samu kashi 81 cikin ɗari na masu shekara 11 zuwa 17 ba sa cika wannan awa guda, kuma 'yan mata sun fi maza ƙarancin motsi, kashi 85 a kan 78. Awa ɗaya tak a cikin 24! Kuna ba wasan ƙwallon Ingila awa biyu kuna zaune kuna musu a kan Chelsea da Arsenal, jijiyar wuya a miƙe, amma kun kasa ba jikinku rabin wannan. Ku kuma 'yan mata, ƙannena, kada ku ce maganar ta samari ce, domin kwanciya a ɗaki da TikTok tun hantsi har yamma shi ma zama ne, kuma hawan jini yana cikin manyan abubuwan tsoro ranar da aka zo ɗaukar ciki.

Da ma zaman ya tsaya shi kaɗai, da sauƙi. A kan bencin nan ne ake koyon cacar ƙwallo, yaro ya zuba sidi biyar ɗin da aka ba shi na abinci, ya zauna zuciya na dukan uku-uku yana jiran sakamako. A nan ake shan lemon gwangwani na ƙara kuzari, wanda ke cike da sukari da sinadarin hana barci, a nan shisha take zagayawa, a nan wasu suka fara tramadol har suka lalace. A rufe dare da Indomie da aka zuba wa dunƙulen magi a kan gishirin da ke cikinta, alhali gishirin da aka yarda babba ya ci a wuni bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokali ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma zaman banza shi ne tsagar.

Ban wanke mu manya ba. Mu ne muka sayi wayoyin don yara su bar mu mu huta, mu ne muka zuba ido filayen unguwa suka koma shaguna da garejin mota, mu ne muke ganin yaro mai ƙiba mu ce hutu ne. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku tashi ku motsa, ku taka ƙasa, ku nemi abin da zai sa ku yi gumi, ku riƙa zuwa ana auna ku. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hore mu da mu ribaci ƙuruciya kafin tsufa, lafiya kafin ciwo, kuma jikin nan amana ne da za a tambaye ku a kansa.

Wallahi abin yana yi mini ciwo idan na tuna asalinmu. Kakanninmu fatake da ƙafa suke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Salaga fataucin goro, watanni suna tafe a bayan jakuna, kuma bayan yaƙin Salaga na 1892 da ƙafar dai da yawansu suka bazu har suka kafa zangonnin da muke ciki. Iyayenmu mata da tire a ka suke zuwa kasuwar Kejetia su dawo. Mu da muka taso, asuba muna makarantar allo, mu ɗebo ruwa, da yamma mu yi ƙwallo babu takalmi har sai an kore mu da bulala, kowa yana mafarkin ranar da zai taka filin wasa na Baba Yara. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to namu 'ya'yan ko rarrafen ba sa yi.

Jiya bayan isha'i na bi ta bakin layin, na tarar da yaron nan a kan bencin, a gurbinsa na kullum, hasken waya a fuskarsa, takardar da ma'aikaciyar jinya ta rubuta masa tana leƙe daga aljihun rigarsa. Na ce, "Ɗana, ka koma an sake auna ka?" Ya ce, "Baba, sai gobe in sha Allah," bai ko ɗago kai ba.