Ku bar mu mu kalli fim ɗin zombi lafiya

Ba abin da ke ƙona min rai wajen kallon fim ɗin zombi kamar mai sharhi. Gawa ta taso tana jan ƙafa, ɗaki ya yi tsit, sai wani ya kwashe da dariya: "Wannan jinin ai manja ne, ba su da kuɗi!" Shi ke nan ya kashe wa kowa tsoron da ya zo nema.

Haba malam! Fim ɗin Night of the Living Dead na darakta George Romero, wanda ya fito a 1968, baƙi da fari ne, an ɗauke shi kusa da Pittsburgh a Amurka da dala 100,000 da 'yan kai kacal, kuma shi ya kafa salon da masu kuɗin ke bi har yau. In hodar fuskar 'yan wasan ce ta dame ka, tashi ka ba mu wuri.