Damuwar wurin aiki ba ta tsayawa a bakin ƙofa

A zangon karatun da ya wuce, ɗiyata ta kawo sakamakon jarrabawa da ya faɗi warwas. Har na buɗe baki zan fara faɗa, sai na tuna cewa watannin nan uku su ne daidai lokacin da ake raɗe-raɗin rage ma'aikata a wurin aikinmu. Ban taɓa gaya mata komai ba. Amma duk daren da ta kawo mini littafin lissafi, sai in ce mata “bari sai an jima,” idona yana kan waya ina jiran saƙon da nake tsoro, ita kuma ta ɗan tsaya ta juya. Daga baya ma ta daina kawowa.

Da yawanmu muna ganin matuƙar an biya kuɗin makaranta an sayi littattafai, to halin da muke ciki a wurin aiki bai shafi yaro ba. Ni ban yarda da haka ba. A 1989, wasu masu bincike biyu, Rand Conger da Glen Elder, sun fara bin diddigin iyalai 451 a jihar Iowa ta Amurka, bayan durƙushewar harkar noma a can, kuma suka gano cewa matsin kuɗi yakan fara ɓata ran iyaye, ɓacin rai ya haifar da saɓani tsakanin miji da mata, daga nan tsanani ko sakaci ya sauka a kan yara. A Norwe kuwa, inda gwamnati ke tallafa wa wanda ya rasa aiki sosai, wani bincike na 2011 ya nuna cewa makin yara yana raguwa idan aka rufe ma'aikatar da mahaifinsu yake aiki. Ashe ba kuɗi kaɗai ne maganar ba.

Abin da ya fi damuna shi ne shirun. Uban da ya gaji ba lallai ya yi tsawa ba, janye jiki kawai yake yi, shi kuwa yaro gwani ne wajen karanta fuska, kuma yakan ɗauka shi ya yi laifi. Da wannan tunanin yake zama a aji, malami yana bayani hankalinsa yana gida.

Daga ƙarshe ba a sallame ni ba. Sai dai ɗiyata ba ta sake kawo littafin da kanta ba, sai da na bi ta ɗaki na ce ta nuna mini inda suka tsaya.