Kuɗinmu Na Shiga Banki, 'Ya'yanmu Na Tsayawa A Bakin Ƙofa

Shekara 22 ke nan ina sarin albasa da wake a Kumasi ta ƙasar Ghana, kuma fiye da rabin waɗannan shekaru a reshen banki guda nake ajiyar kuɗina, ba nisa da Aboabo, ɗaya daga cikin unguwannin Hausawa da sauran Musulmi da ake kira Zango, inda aka yanke mini cibiya. A makon jiya 'yar ƙanwata ta dawo daga babban ofishin wannan banki idanunta jawur, ta zauna a zaurena ta daɗe ba ta iya magana ba, kuma tun daga ranar raina yake tafasa.

Yarinyar nan ta karanta ilimin akanta a jami'ar KNUST, ta gama bautar ƙasa ta shekara guda, sannan ta yi shekara 2 tana yawo da takardunta daga Adum zuwa Ahodwo. Tana jin Turanci da Tuwi da Hausa da Dagbanci, tana kuma ɗan taɓa Faransanci, saboda tun tana sakandare ita ke rubuta mini lissafin direbobin da ke kawo kaya daga Nijar da Burkina Faso. Da bankin ya yi tallar neman ma'aikata ta rubuta jarrabawarsu ta ci, aka kira ta ganawa. Ta kwana uku tana bitar haraji da ƙa'idojin bayar da rance. Da ta shiga ɗakin, mutum huɗu suka zauna a gabanta, kuma a cikin abin da suka tambaye ta babu ko ɗaya da ya shafi lissafi. Na farko ya dubi adireshinta ya ce, Aboabo, ashe 'yar Zango ce. Na biyu ya tambaye ta daga wace ƙasa kakanta ya zo. Matar da ke shugabantar sashen kula da ma'aikata ta tambaye ta ko za ta yarda ta cire mayafinta idan an zaunar da ita a kantar banki, domin wai zai ɓata tsarin kayan aikinsu, sannan ta ƙara da tambayar yaushe za ta yi aure, tun da an san 'yan Zango da auren wuri da haihuwa a kai a kai.

Ta ce mini, "Kawu, na miƙa musu katin ɗan ƙasa da hannuna, amma kallon baƙuwa suka yi mini har na fito."

Wannan tambaya ta asalin kaka ita ta fi ƙona mini rai, domin na san inda ta samo tushe. Kakanninmu sun zauna a garin nan suna fataucin goro tun kafin Ghana ta sami 'yancin kai a 1957, kuma dattawanmu har yau suna ba da labarin 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako 2 su bar ƙasar, aka cika motoci da mutane, har da waɗanda ba su san wani gari ba sai Kumasi. An wuce shekara 50, amma ga shi ma'aikacin da ko haihuwarsa ba a yi ba a lokacin yana riƙe da zargin nan, yana auna yarinya mai digiri da shi.

Abin da suka yi ya saɓa wa doka ƙarara. Sashe na 17 na kundin tsarin mulkin 1992 ya hana nuna wa kowa bambanci saboda jinsi ko ƙabila ko addini ko matsayinsa a cikin al'umma. Dokar ƙwadago ta 2003, wadda aka sani da lamba 651, ta maimaita wannan hani a kan masu ɗaukar aiki, ta kuma ba mace haƙƙin hutun haihuwa na aƙalla mako 12. Duk wanda ya riƙe sashen ma'aikata a babban kamfani ya karanta waɗannan dokoki. Shi ya sa ba sa rubuta komai. Ba za ka taɓa ganin wasiƙar da ta ce an ƙi ki saboda mayafi ba. Cewa suke yi za mu kira ki, daga nan sai shiru, sai daga baya ka ji an cike gurbin da wanda ya zo ta hanyar abin da kowa a ƙasar nan ke kira furotokol, wato ɗan wani babba ko ƙanwar matar wani darakta.

To, a ajiye batun adalci a gefe, tun da na lura ba ya motsa su, a yi maganar ciniki, wadda ita ce sana'ata kuma ita ce tasu. Ina gayyatar duk wani manajan banki ya zo reshen nan ranar Litinin da safe ya ga waɗanda ke kan layi. Dillalan shanu ne, da masu sarin albasa da tumatir da hatsi, da hajiyoyi masu shagunan atamfa a Kejetia, da masu gyaran mota daga Suame Magazine, kuma da yawansu Hausa ce harshen cinikinsu ko da asalinsu Dagomba ne ko Mosi ko Zabarmawa ko Fulani. A bayan kanta kuwa babu mai jin Hausa ko mutum ɗaya. Da idona na ga wata hajiya da ke jujjuya kuɗin da ya fi albashin manajan na shekara, an tura mata takarda an ce ta dangwala yatsa, ta nemi a bayyana mata abin da ke ciki, sai aka ƙwala wa maigadi kira ya bar ƙofa ya zo ya yi tafinta. Maigadin ɗan unguwarmu ne. Haka mai shara, haka direba, haka yaron da ke kai saƙo a babur. Sun yarda ɗan Zango ya tsare musu ƙofa da dukiyar da ke bayanta dare da rana, sun yarda ya fassara musu sirrin asusun mutane a tsaye a bainar jama'a ba tare da ƙarin ko sisi a albashinsa ba, amma kujera da kwamfuta sun fi ƙarfinsa. An ci moriyar ganga ana yar da kwaurenta kowace safiya.

Hajiyar nan ba ta sake komawa ba. Kuɗinta yanzu suna hannun mai adashi da kuma yaron da ke harkar MoMo, wato ajiya da tura kuɗi ta waya, a bakin shagonta, domin shi yana gaishe ta da harshenta, yana kuma ƙirga mata kuɗi a gabanta har ta gamsu. Irinta suna da yawa, kuma bankin na kashe maƙudan kuɗi a tallar rediyo da alluna yana neman mutanen da ya kora da kansa. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi sun kai kusan kashi 20 cikin 100 na mutanen Ghana, kusan mutum ɗaya cikin biyar ke nan. Wane ɗan kasuwa mai hankali ne zai buɗe shago a tsakiyar jama'a haka, sannan ya ƙi ɗaukar ko mutum ɗaya da ya san yadda suke tunani a kan kuɗi? Jami'in rance da bai san cewa cinikin albasa na tafiya da lokacin girbi ba, bai san yadda kasuwa ke juyawa kafin azumi da babbar Sallah ba, bai san dalilin da ya sa wani alhaji zai ƙi bashi mai ruwa ko da yana cikin matsi ba, bai kuma san cewa a wurinmu shaidar dattijon kasuwa ta fi takardar fili nauyi ba, zai hana mai gaskiya rance ya ba macuci. Yarinyar da suka kora ta san waɗannan abubuwa duka tun tana 'yar shekara 15, kuma babu kwas ɗin da zai koya wa ɗan furotokol su a wata 3.

Ni kaina ina da yara 9 a ƙarƙashina, a cikinsu akwai Asante biyu da Frafra ɗaya, Kirista ne su ukun, kuma ba don tausayi na ɗauke su ba. Na ɗauke su ne domin matan da ke saye daga Bantama da Kwadaso sun fi sakin jiki da wanda zai yi musu ciniki da Tuwi. Abin da mai sarin albasa ya gane a gindin buhu, ban ga dalilin da zai gagari masu digiri biyu a ofis mai sanyi ba.

Ba 'yan Zango kaɗai ake yi wa wannan ba. Maƙwabcina yana da ɗa wanda shan inna ta taɓa ƙafafunsa, gwani ne a gyaran kwamfuta, an kira shi ganawa a wani kamfani a hawa na uku na benen da ba shi da na'urar hawa, ya zauna a ƙasa awa biyu babu wanda ya sauko. Dokar naƙasassu ta 2006 ta ba masu gine-ginen jama'a shekara 10 su gyara hanyar shiga, wa'adin ya cika tun 2016.

Shugabanninmu ma ina da magana da su. An kafa Asusun Raya Zango da doka a 2017, mun ga filayen ƙwallo masu ciyawar roba, mun gode. Amma yaran da suka gama jami'a aiki suke nema, kuma ina son in ga ranar da sarakunan Zango da limamai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa za su zauna da bankunan da ke kewaye da mu su tambaye su a fili: mutum nawa kuka ɗauka daga unguwannin nan, kuma a wane matsayi?

Jiya na je reshen na nemi takardar rufe asusuna. Manajan ya fito da kansa yana cewa, "Alhaji, me ya yi zafi haka?" Na zauna na faɗa masa duk abin da ya faru, ya ce ɗaukar ma'aikata ba a hannunsa yake ba, na ce masa kuɗin kuwa a hannuna suke. Ranar Alhamis zan raka yarinyar ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ ta shigar da ƙara a rubuce, da ranar ganawar da tambayoyin da aka yi mata ɗaya bayan ɗaya, kuma a taron ƙungiyarmu na ƙarshen wata zan tashi in karanta wa 'yan'uwana masu sari wannan takarda daga farko har ƙarshe.