Tirelar da ta ƙi ja da baya a bakin Lagdo

Kawuna Alhaji dillalin kifi ne a Garwa ta ƙasar Kamaru, kuma tun ina yaro nake jin yana cewa sai ya mallaki jirgin ruwa mai inji, irin wanda ba a kwashe masa ruwa da ƙoƙo. Bana Allah ya cika masa buri. Wani abokin cinikinsa a Duwala ya samo masa na hannu, fari fat, daga Amurka, har da tirelarsa mai taya huɗu. Ranar da kayan suka iso, ƙofar gida ta cika kamar ana suna. Kawu ya dube mu, ya ce wa zai ja wannan abu zuwa tafkin Lagdo? Ni kuwa na taɓa yin wata 3 ina karen mota, don haka bakina ya riga hankalina. Na ce, "Kawu, ai wannan aikina ne."

Ran Alhamis na kai Hilux ɗin Kawu wurin mai gyaran wayar mota don a haɗa fitilun tirela. Ya ƙirga wayoyin, ya samu biyar. Huɗu ya san gidansu, ta biyar shuɗiya ce, ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce, "Malam, wannan fa?" Na gyara tsayuwa irin ta masana, na ce Bature ne da son ƙawa, ya datse ta kawai. Ya datse, ya naɗe bakin da salatif. A wuyan tirelar kuma akwai wani ɗan ƙarfe faffaɗa da aka ɗaure da igiya, yana ta ƙwal-ƙwal yana damuna. Na kwance shi, na jefa aljihu, da na koma gida na ajiye a kan taga.

Asabar da sassafe muka ƙetare gadar Binuwai, muka miƙi hanyar Ngaundere, Kawu a gefena da sabuwar hula, babban ɗansa a baya. Tafiya sumul. Duk sanda na taɓa birki sai in ji tirelar ta lafa a bayana cikin ladabi. Kawu ya ce, "Ashe dai ka koyi wani abu a wata ukun nan." Na ce ƙafa ce, Kawu, ba kowa Allah ke bai wa ba.

Wanda bai taɓa zuwa Lagdo ba, ruwa ne iya ganinka. Tun da 'yan Sin suka gama dam ɗin a 1982 tafkin ya zama gonar masunta, daga ƙasashe daban-daban ake zuwa ci a cikinsa. Kwale-kwale jere a gaɓa, hayaƙin banda na tashi, mata na cinikin karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa. Cikin wannan taro muka shigo da farin jirginmu, kowa ya bar abin da yake yi. Inda za mu saukar da shi yashi ne, da ɗan tudu kafin gangaren ruwa. Na juya mota, na fito da gwiwar hannu ta taga yadda manyan direbobi ke yi, na sa giyar baya.

Taku ɗaya ta yi, ta kafe.

Na ƙara wuta. Tayoyin tirela ko gezau, sai jan ƙasa suke kamar jakin da ya hango rafi. Na sa giyar gaba, ta biyo ni salun-alun. Na koma baya, ta sake kafewa. Sau bakwai muna wannan rawa, har ƙaurin kuloci ya rufe ƙamshin banda. Samari suka taru a gaban motar suna turawa da kabbara, abin sai ƙara tauri yake.

Nan fa masu shawara suka sauka. Wani tsohon masunci ya matso ya ce ruwan nan yana da masu shi, baƙon jirgi ba ya shiga sai an nemi izini, baƙin zakara ɗaya ya isa. Kawu ya daka masa a'uzubillahi da ƙarfi yadda kowa zai ji. Bayan ɗan lokaci na ji shi ƙasa-ƙasa yana tambayar ɗansa nawa zakara yake a kasuwar nan. Wani malami ya zagaya tayoyin huɗu da tofi, ya karɓi jaka biyu. Sai ga makanike a kan babur, da guduma da ɗan yaronsa mai riƙon jakar sifana. Bai ko durƙusa ba ya ce tsatsa ce, duk tirelar da ke shiga ruwa haka take. Ya sa jak ya ɗaga, ya murza taya da hannu, sai ta hau juyawa kamar fanka. Ya tsaya ya dafe ƙugu. Duk da haka ya ɗan bubbuga ta da guduma, kada a ce ya zo a banza.

Ni kuwa gumi ya gama jiƙa min riga, kuma dole in yi wani abu a gaban jama'a. Na hango wata siririyar igiyar ƙarfe mai ƙugiya a wuyan tirelar, na ce watakila ita ce makama. Na fizge ta iya ƙarfina, na ji ƙas. Na koma mota. Yanzu kam ta yi adalci, ba gaba, ba baya.

Yaron makaniken, wanda bai wuce shekara 14 ba, tun ɗazu yake cewa, "Maigida, wuyanta ne ke shigewa," ana ce masa ya rufa wa manya baki. Allah ya kawo wani mai sayen kifi daga Yola, ya ji yaron, ya durƙusa. Akwai takarda manne a wurin, da Ingilishi, mu kuma 'yan Faransanci tun Alhamis muke wuce ta kamar adon bango. Ya karanta, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya warware mana.

Wai a cikin wuyan tirelar akwai ɗan tulun man birki da fistin. In mota ta rage gudu, nauyin tirela sai ya turo gaba, wuyan ya zame ciki kamar yatsa biyu, ya danne fistin, mai ya bi bututu ya kama tayoyi. Ba ruwanta da lantarki, shi ya sa ake son irinta ga tirelar da ke tsoma ƙafa cikin ruwa. Ba ruwanta kuma da ƙafar direba. Da ya faɗi wannan, Kawu ya waiwayo ya dubi ƙafata. Matsalar ita ce, ba ta san bambancin mota ta tsaya da mota ta turo ta baya ba, duk matsa ce. A kan kwalta mai laushi wani lokaci ka tsira, amma a yashi ko a hawa, ƙara wutarka ƙara kama birkinta. Igiyar da na fizge kuwa ta ranar tsautsayi ce: in tirela ta tsinke daga mota, ita ke ja ta kulle birki, kuma ba ta saki sai an sake ta da hannu.

Mutumin Yola ya ce amma masu ƙera ta sun yi magani har biyu. Akwai shuɗiyar waya da ake haɗawa da fitilar ja da baya, ita ke toshe hanyar man da zarar an sa giyar. Ina take? Aka samo ta naɗe da salatif. To, akwai ɗan ƙarfen da ake cusawa a tsagar wuyan, ya hana shi zamewa, yawanci yana rataye a nan. Ina shi? Ni dai na zuba wa tafkin Lagdo ido kamar mai ƙirga kifi.

Kawu bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ɗan nan, ƙaramin sani ƙuƙumi ne," ya gyara hularsa. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Yaron ya sa sukudireba ya saki abin da na kulle. Na ɗan ja gaba wuyan ya miƙe, ya samo wani tsohon guntun ƙarfe a jakarsu ya cusa a tsagar, ya ɗaure da robar tayar keke. Na sa giyar baya, tirela ta haye tudun ta gangara ruwa kamar amarya. Malamin nan ya ce dama tofi yakan ɗan ɗauki lokaci.

Kawu ya sha yawo a ruwa har la'asar, amma ya rantse jirginsa ba zai kwana a hannun baƙi ba, aka sake ɗora shi. Mutumin Yola ya ja min kunne sau biyu cewa in cire ƙarfen kafin in hau hanya, in ba haka ba tirela ba ta da birki sam. Na ce ai wannan ko yaro ya sani.

A wani gangare, dab da magariba, garken shanu ya keto hanya. Na taka birki, motar ta ji, tirelar ba ta ji ba. Jirgi da injinsa suka tokare mu ta baya kamar mai bin bashi, muna ta zamewa a hankali, Kawu na salati, hularsa a ƙasa. Muka tsaya hancin mota na shafar cikin wani farin bijimi. Bijimin ya juyo ya kalle ni, kallon da ko Kawu bai yi min ba. Makiyayin ya zazzaga min Fulatanci, na ji kowace kalma, na yi kamar baƙo ne ni a ƙasar. Na sauka shiru, na kwance robar, na zare ƙarfen. Kafin in dawo ɗan Kawu ya riga ya zauna a kujerar direba.

Da na isa gida na tafi taga kai tsaye, babu komai. Na tambayi uwargida ko ta ga wani ɗan ƙarfe. Ta ce wanda take kankare ƙanzo da shi? Ai ba ta taɓa samun abin da ya dace da gindin tukunyarta kamarsa ba. In Kawu yana so, ya aiko mata da wani.