Don Allah ku daina ce wa mai sankarar mama ta ajiye maganin nan tunda ta warke

Na daɗe ina son yin maganar nan amma ina jan ƙafa, saboda ta shafi yayata kuma ba na son in zama mai tallata ciwon wani. Jiya na tambaye ta, tace in rubuta, tace ko mace ɗaya ce ta karanta ta koma kan maganinta ai an ci riba. To ga shi.

Yaya ta yi fama da sankarar mama. An yi mata tiyata, ta sha kemo, wato maganin nan mai ƙarfi da ke kashe ƙwayoyin cutar, har suman kanta ta zube, aka zo aka yi mata gashi da na'ura, duk muna tare da ita, wannan ya kwana asibiti wancan ya karɓe shi. Ranar da likita yace an gama wannan zagayen mun yi murna kamar me, kowa ya koma harkarsa, nima haka. A ranmu an gama. Abin da ya rage ƴar ƙwaya ce fara ƙarama, tamoxifen, miligiram 20, guda ɗaya kullum, aka ce za ta sha shekara 5 ko ma fiye. Wallahi ko ni a lokacin ban ɗauke ta a bakin komai ba, ganina bayan kemo meye wata ƴar ƙwaya.

Sai watannin baya na je wajenta, ina neman cajar waya na ja durowar gefen gadonta, kawai na ci karo da kwalayen maganin guda huɗu a jere, ko ɓare su ba a yi ba, ledar jikinsu ma tana nan. Gabana ya faɗi. Nace Yaya wannan fa? Ta yi shiru can tace, ke ni fa na gaji, wata huɗu kenan ban sha ba. Tace maganin ya hana ta barci, cikin dare sai wani zafi ya taso mata daga ƙirji ya hau fuska, ta tashi rigarta sharkaf matashin kai a jiƙe, ta canja riga ta koma, kafin asuba a sake. Tace kuma kowa ya zo gaishe ta sai yace masha Allah kin warke, ga suma ta dawo ga jiki ya murje, har wata ta ce mata yawan shan ƙwaya ma ciwo ne, ki huta haka nan. Ita kuma dama a gajiye take, sai ta huta ɗin.

Ban yi mata faɗa ba, kuka na yi. Don gaskiya laifin ba nata ba ne ita kaɗai, namu ne mu da muka watse muka bar ta da abin da ya fi komai tsawo.

Bari in faɗi abin da na fahimta bayan na zauna na karanta kuma na tsare likitanta da tambayoyi, don yawancinmu ba mu san me ƙwayar nan take yi ba, shi ya sa muke raina ta. Jikin mace yana da wani sinadari da ake kira istirojin, shi ke tafiyar da al'ada da sauran abubuwan da suka shafi mace, abu ne mai amfani. To amma mafi yawan sankarar mama, wajen biyu bisa uku ko ma fiye, da wannan sinadarin suke girma. Ƙwayoyin cutar suna da wani wuri a jikinsu kamar kwaɗo, istirojin kuma shi ne makullinsa, da ya shiga ya murɗa sai ƙwayar cutar ta samu umarnin ta hayayyafa. Tamoxifen sai ya riga shi shiga cikin kwaɗon ya toshe, makullin gaskiya ya zo ya rasa wurin shiga. Shi kenan aikinsa. Kuma dalilin da ya sa ake shan shi bayan an cire ƙarin shi ne, tiyata tana cire abin da ido da na'ura suka gani ne, amma akwai ƴan ƙwayoyin cutar da ƙila sun riga sun sulale sun tafi ƙashi ko hanta ko huhu sun kwanta lamo, babu hoton da zai nuna su. Irin wannan sankarar mai cin istirojin tana iya yin shiru ta dawo bayan shekara 10, 15, har 20. Su ake yi wa yunwa da ƙwayar nan. Don haka mace ta ji garau ba hujja ba ce ta ajiye magani, ai dama ana sha ne lokacin da ake jin garau ɗin.

Kuma wannan ba sabon abu ba ne da ake gwaji a kan mutane. Tun 1896 wani likitan tiyata a birnin Gilasgo na Birtaniya mai suna George Beatson ya lura cewa idan ya cire wa mace ma'ajiyar ƙwanta, ƙarin da ke mamanta yana iya raguwa, a lokacin ko sunan sinadarin ba a sani ba. Shi kansa tamoxifen a 1962 aka haɗa shi a kamfanin ICI a Ingila, wata mata Dora Richardson ce ta haɗa, kuma da niyyar maganin hana ɗaukar ciki aka yi shi, sai aka ga a jikin mata akasin haka yake yi, yana ma sa su saki ƙwai. Saura kaɗan a watsar da shi. A 1973 aka amince da shi a Ingila don sankarar mama, Amurka ta biyo baya a 1977. Yau sama da shekara 50 kenan ana amfani da shi, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. A 2011 masu bincike a Okusfod suka tattara sakamakon gwaje-gwaje da yawa na dubban mata, suka ga cewa shan shi na shekara 5 yana rage dawowar cutar da kusan rabi a shekarun farko, yana kuma rage mutuwa daga cutar da kusan ɗaya bisa uku a tsawon shekara 15. Ɗaya bisa uku fa jama'a. Sannan wani babban gwajin da ake kira ATLAS, mai mata kusan 13,000, ya nuna cewa waɗanda suka kai shekara 10 sun ƙara samun kariya a kan waɗanda suka tsaya a 5, shi ya sa za ka ji likita ya ƙara wa wata wa'adi. Wannan ce ƙwayar da aka ce wa yayata ta huta da ita.

Abin da ya ƙara ɗaga min hankali, ashe ba ita kaɗai ba ce. Bincike ya nuna mata da yawa ƙwarai, a wasu wuraren har kusan rabi, ba sa kai ƙarshen shekara 5 ɗin yadda aka tsara, wasu su daina gaba ɗaya wasu su riƙa tsallake kwanaki. Kuma ni yanzu ba na ganin baƙinsu, don na gani da idona. Shekara biyar kullum kullum ba wasa ba ne, ballantana maganin da yake sa ka zufa cikin dare, ya sa ranka ya riƙa ɓaci ba gaira ba dalili, ga kasala, ga al'ada ta rikice ko ta ɗauke. Lokacin kemo kowa na ganin wahalarki a fuska ana tausaya miki, wannan kuwa babu mai gani, kin yi kyau a waje ciki kuma ke kaɗai kika san me kike ji, in kin yi ƙorafi a ce ki gode wa Allah kin rayu. Ai ta gode, kullum tana godewa, amma godiya ba ta hana mutum faɗin inda ke masa ciwo.

Akwai kuma wata magana da ba a son yi, ta zaman aure. Magungunan nan suna iya kawo bushewar gaba da raguwar sha'awa, mace ta riƙa jin zafi, ga ta dama tana fama da yadda take kallon jikinta bayan tiyata. Mata da yawa saboda wannan kaɗai suke ajiye magani a ɓoye, suna tsoron kar miji ya juya baya. Maza don Allah ku ji ni, ba ƙin ku take yi ba, magani ne, kuma akwai abin da likita zai iya bayarwa ya sauƙaƙa. Ka raka ta asibiti ka zauna ka ji da kunnenka, in ta ji kunyar faɗa kai ka faɗa. Mijin Yaya da ya ji bayanin nan jikinsa ya yi sanyi sosai, yace shi bai taɓa sanin haka abin yake ba, kuma na yarda da shi, don babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa.

A nan ne nake da ƙorafi a kan masu duba marasa lafiya, da girmamawa nake faɗa don na san aiki ya yi musu yawa. Ranar da aka rubuta wa Yaya maganin nan bayanin bai kai minti biyu ba, ki sha ɗaya kullum, mu haɗu wata kaza. Ba a ce mata za ki ji kaza da kaza ba, ba a ce in kin ji ki dawo akwai dabara ba. Da an faɗa mata da ba ta yi wata huɗu a haka ba. Domin ashe akwai dabarun, wata canja lokacin sha kawai ke taimaka mata, wata a ba ta wani magani da ke rage zafin da zufar, wata a canja mata nau'in maganin ɗungurungum.

Don ba tamoxifen ne kaɗai ba. Matan da al'ada ta riga ta ɗauke musu, jikinsu bai daina yin istirojin kwata-kwata ba, kitse da wasu sassan jiki suna ci gaba da yin kaɗan, to su akwai wasu magungunan da ke tare hanyar yin shi tun daga tushe, anastrozole da letrozole da exemestane. Su kuma nasu matsalar ciwon gaɓoɓi ne, mace ta tashi da safe yatsu sun sage gwiwa ta riƙe, kuma suna sa ƙashi ya yi rauni a hankali, shi ya sa ake auna ƙarfin ƙashi lokaci-lokaci. Waɗannan ba sa yi wa mai jinin al'ada aiki su kaɗai sai an haɗa da allurar da ke kwantar da ma'ajiyar ƙwai, kamar goserelin da ake yi a fatar ciki. Akwai kuma fulvestrant, allura ce, an fi ba waɗanda cutar ta riga ta yaɗu. Na kawo sunayen ne don mu gane cewa in ɗaya ya gagara akwai wata ƙofar, ba wai don wani ya je ya saya ba.

Kuma wannan ya kawo ni kan abin da nake roƙo da babbar murya, kar wata ta ce ƙawata ta sha ta samu sauƙi bari nima in sha, ko a ɗiba a ba wata don an ji tana da ƙari a mama. Sai an yanki tsokar an kai ɗakin gwaji an tabbatar cutar tana da wancan kwaɗon sannan maganin zai yi amfani. In babu shi, ko shekara nawa za ta sha a banza, lokaci kawai take ɓatawa cutar na ci. Duk wadda aka yi wa tiyata ta tambayi sakamakon gwajin nan, haƙƙinta ne ta sani. Maza ma da ke kamuwa, don suna kamuwa duk da ba su da yawa, wajen ɗaya cikin ɗari na masu cutar, su ma yawanci tamoxifen ɗin ake ba su.

Ba zan ɓoye haɗarinsa ba don ba tallar magani nake ba. Tamoxifen yana ɗan ƙara yiwuwar daskarewar jini a jijiya, yana kuma ɗan ƙara haɗarin sankarar mahaifa musamman ga waɗanda suka daina al'ada. Haɗarin ƙarami ne in aka auna da amfaninsa, amma a san alamun. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya riƙa sarƙewa da ciwon ƙirji, wannan ba a kwana da shi, asibiti kai tsaye. Jini ya ɓalle ba lokacinsa ba, ko bayan an daɗe da dainawa, ko gani ya fara dishi-dishi, a je a faɗa. Sannan duk likitan da zai rubuta miki wani magani ki gaya masa kina kan tamoxifen, saboda hanta ce ke sarrafa shi ya koma sigar da ta fi aiki, kuma wasu magungunan damuwa irin su paroxetine da fluoxetine suna rage wannan aikin.

Batun haihuwa kuma shi ne ya fi taɓa min zuciya, don na ga ƴan mata masu ƙananan shekaru a layin asibiti, wata ko ɗa ɗaya ba ta da shi. Ba a ɗaukar ciki ana kan maganin nan, yana iya cutar da jariri, kuma ɗaukewar al'ada a kansa ba ya nufin ciki ba zai shiga ba, a kiyaye. Amma ba a rufe ƙofa ba. A 2023 an fitar da sakamakon wani gwaji mai suna POSITIVE, mata sama da 500 da suka sha maganin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi, aka tsayar musu na ɗan lokaci har zuwa shekara 2 don su nemi haihuwa sannan su koma, da yawansu sun haihu, kuma a shekarun farko da aka bibiye su ba a ga cutar ta fi dawo musu ba. To kun ga bambancin tsayarwa da sanin likita da tsari, da kuma tura kwali cikin durowa a yi shiru.

Mun koma asibiti da Yaya a satin da na ga kwalayen, tana ta fargabar za a yi mata faɗa, likitan bai yi ba, ya duba ta ya sa aka yi gwaje-gwaje, Alhamdulillah ba a ga komai ba, ya mayar da ita kan maganin ya ƙara mata wani na zufar. Zafin bai tafi duka ba amma yanzu tana samun barci. Na sa mata ƙararrawa a waya ƙarfe 9 na dare, nima na sa a tawa, in ta buga sai in kira ta, wani lokacin kafin ma in yi magana take cewa na sha ƙanwata, kwanta. Mijinta ne ke karɓo sabon kwali tun kafin tsohon ya ƙare. Saura mata shekara biyu da wata bakwai ta cika biyar ɗin, daga nan likita zai duba ko za a ƙara. Ku sa ta a addu'a, ita da duk masu fama, Allah ya ba su lafiya mai ɗorewa.