Rijiyoyin Haiti: wa zai gyara famfo idan baƙi sun koma gida?

Jama'a, duk wanda ke yawo a Facebook ya san irin sanarwar da nake nufi. Wata coci a Amurka ko Kanada ta buɗe asusu, za ta haƙa burtsatse a wani ƙauye na Haiti. A ware baikon Lahadi guda, mata su soya abinci su sayar, yaran makarantar Lahadi su tara 'yan canjinsu a gwangwani. Bayan wata shida sai ga hoto: famfon tuƙa-tuƙa sabo fil, yara na dariya, an manna allo da sunan cocin. Ni dai ina goyon bayan wannan aiki, kuma ina ganin duk mai hali ya bayar. Abin da ke damuna shi ne kusan kullum lissafin kuɗin a ranar hoton yake ƙarewa.

Sai an san halin da ƙasar ke ciki kafin a gane nauyin maganar. A ranar 12 ga Janairu 2010 girgizar ƙasa ta rugurguje Port-au-Prince, babban birnin ƙasar, da kewaye. Ba a gama kwashe ɓaraguzai ba, a watan Oktoba na shekarar, kwalara ta ɓulla a bakin kogin Artibonite, kogin da manoma ke sha, suke wanki, suke ban-ruwan shinkafa da shi. Bincike ya bi sawun cutar har sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya da suka zo daga Nepal, kusa da garin Mirebalais, inda ƙazantar bayan gidansu ke gangarawa cikin rafi. Mutum sama da 800,000 suka kamu, kusan 10,000 suka mutu. Sai a Disamba 2016 Ban Ki-moon, Sakatare Janar na Majalisar a lokacin, ya fito ya nemi afuwar mutanen Haiti. An yi zaton an rabu da cutar, sai ga ta ta dawo a Oktoba 2022. To a ƙasa irin wannan, famfon da ya lalace yana nufin uwa ta sake ɗaukar bokiti ta nufi kogin da ya kashe maƙwabcinta.

Kuma famfo dole ya lalace. Ba sai an yi masa mugunta ba. Roba ce a ciki tana cinyewa, sarƙa tana tsinkewa, bututu yana tsatsa, yara na lilo a kan hannunsa daga asuba har magariba. Kayan gyaran ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da kuɗin haƙa, amma sai an samu wanda ya iya kwancewa, da shagon da ke sayar da su, da asusun da za a ciro kuɗin. Mu nan ba baƙon labari ba ne a wurinmu. Ku zaga ƙauyukanmu ku ƙirga burtsatsen da 'yan siyasa suka ƙaddamar da kiɗa da tafi, yau awaki ake ɗaurewa a jikinsu.

Akwai misali ɗaya daga Haiti da nake so masu tara kuɗi su duba da kyau, wato ƙauyen Cange. A 1956 aka kammala madatsar ruwa ta Péligre a kan Artibonite, ruwa ya cinye gonakin kwari, manoman suka haura kan tsaunuka marasa albarka. Mutanen da ruwa ya kora suka koma sai sun gangara tudu mai tsayi kafin su samu na sha. A shekarun 1980 cocin Episkofal ta yankin South Carolina a Amurka, tare da limamin cocin wurin, Fritz Lafontant, ta ja ruwa da famfo da bututu daga maɓuɓɓugar da ke ƙasa zuwa cikin ƙauyen. A Cange ɗin nan ne Dakta Paul Farmer da abokan aikinsa suka kafa asibitin da ya yi suna a duniya. Abin da ya fi burge ni ya zo ne daga baya. Da aka yi shekara ashirin da wani abu, kayan suka tsufa, jama'a suka ninka, cocin nan ba ta ce ai mun yi namu ba. Ta sake tara kuɗi, ta haɗa kai da ɗaliban injiniya na Jami'ar Clemson, aka sabunta aikin, aka ƙara tace ruwan da sa masa kulorin. Tara kuɗin gyaran tsohon bututu ya fi tara na sabuwar rijiya wuya nesa ba kusa ba, domin babu kintinkirin da za a yanka, babu sabon allo. Sun yi shi duk da haka.

Akwai kuma masu bi ta wata hanyar, kamar ƙungiyar Haiti Outreach da ke aiki a yankin Pignon. Sai ƙauye ya nema da kansa, ya kafa kwamiti, ya amince kowane gida zai riƙa biyan ɗan wani abu duk wata, sannan a kawo injin haƙa. Ana gina wa famfon ɗaki da ƙofa, akwai mai tsaro, akwai lokacin buɗewa da rufewa. Na san wasu za su ce haba, talakan da bai da na abinci za a ce ya biya ruwan sadaka? Na fahimci zafin zuciyar. Amma matar da ke biyan kuɗin wata tana da bakin tsayawa gaban kwamiti ta ce ina kuɗinmu, me ya sa yau kwana uku babu ruwa. Wadda aka ba kyauta sai dai ta jira Bature ya dawo. Gajiyayyu da tsofaffi kuwa, kwamitin ƙauye ya fi kowa sanin su, ya yafe musu.

Maganar jiran Bature ta ƙara tsanani yanzu. Tun bayan kisan Shugaba Jovenel Moïse a Yuli 2021 'yan bindiga suka mamaye mafi yawan babban birnin da manyan hanyoyin fita daga cikinsa. A Oktoba 2021 aka sace 'yan mishan 17 a wajen Port-au-Prince. A Nuwamba 2024 aka harbi jiragen fasinja, Amurka ta hana jiragenta sauka a birnin. Tawagar cocin da ta saba zuwa duk shekara da akwatin sifana ta daina zuwa. Rijiyar da aka gina a kan cewa baƙi za su dawo su duba ta, yanzu tana hannun Allah. Wadda aka koya wa wani saurayin ƙauye gyaranta, aka bar masa kayan aiki, tana nan tana ba da ruwa. Ko da ana zaman lafiya ma, kuɗin jirgin mutum goma sha biyu da za su je su yi fenti su ɗauki hoto zai biya makanikin famfo ɗan ƙasa albashi mai tsawo.

Wani abin da ba a son faɗa a gaban jama'ar coci shi ne masai. Rijiya tana da daɗin talla, shadda ba ta da shi. Amma kwalara ta bayan gida take bi, kuma ruwa mai kyau yana gurɓata a cikin jarka marar murfi kafin ya isa baki. Haiti tana da hukumar ruwa da tsafta, DINEPA, tun 2009. Rauni gare ta, gaskiya ne, sai dai cocin da ta haƙa rijiya ba tare da sanar da ita ba ta ƙara wa ƙasar rijiyar da ba ta cikin littafin kowa.

Duk da wannan ƙorafi, ina ganin coci ta fi yawancin ƙungiyoyin agaji dacewa da aikin. Ƙungiya tana zuwa da kwangilar shekara uku ta naɗe tabarmarta. Fada ko fasto yana ƙauyen kafin rijiya, yana nan bayanta, ya san wanda za a ba amanar asusu da wanda zai cinye. Sharaɗi ɗaya ne: kada a tambayi mai bokiti cocin da yake zuwa, ko Katolika ne, ko Furotesta, ko mai bin addinin gargajiya na Vodou.

Saboda haka idan sanarwar ta zo gabanku, ku bayar, amma ku rubuta wa mai asusun tambaya a ƙasa. Nawa aka ware na gyara? Waye makanikin, kuma a wane gari yake kwana? An gwada ruwan kafin a ce yara su sha? Sannan ku roƙe shi hoton rijiyar da suka haƙa shekara biyar da suka wuce, wanda aka ɗauka a wannan watan.