Ranar da Na Aika wa Hajiya Zoɓo a Bokitin Fenti

Mutum 412 ne suka kalli sitatus ɗina na WhatsApp wata ranar Lahadi, kuma sai da na bi sunayensu ɗaya bayan ɗaya kamar mai rabon gado. Na shiga kicin ina tafiyar manyan fatake, na miƙa wa uwargida wayar na ce ta gani da idonta. Ta leƙa, ta ci gaba da yanka albasarta, ta ce, "Ma sha Allah, Malam. To cikinsu nawa suka saya?"

Bakwai ne. Cikin bakwan ma har da Goggo, wadda ba ta taɓa biya ba, don a ganinta yaron da ta goya ba ya karɓar kuɗinta.

Sana'ar dai tura kayan lambu ce daga Jos zuwa gidajen mutane a Abuja: kabeji, karas, koren wake, koren tattasai, latas, kokwamba da dankalin turawa. Ni malamin makaranta ne, ban gaji fatauci ba. Ƙanwata da ke aure a Kubwa ce ta kira wata rana tana kukan tsadar kabeji, na je kasuwar Farin Gada na cika mata rabin buhu na ba direba a tasha. Maƙwabtanta suka gani, ta rarraba musu lambata, shi ke nan aka mai da ni ɗan kasuwa ba a ko shawarce ni ba.

Ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Jos shi ya zama malamina. Ya ce, "Kawu, yanzu sai ana ganinka ake tunawa da kai. Ka riƙa saka kaya a sitatus kullum." Shi kullum ya ce, ni kunnena kowace sa'a ya ji. Hoto talatin nake zubawa a rana: kabeji ta gaba, kabeji ta baya, kabeji an raba biyu, ni riƙe da kabeji ina murmushi. 'Yan layukan nan da ke saman sitatus suka ƙanƙance suka koma kamar carbi. Ban san ɓarnar da nake yi ba sai ranar da katina ya ƙare na ari wayar uwargida. Can ƙasa, a rukunin waɗanda aka rufe wa baki, na tarar da sunana, tsakanin wata dillaliya da wani ɗan'uwanta mai neman kansila. Da na nemi ba'asi sai ta ce, "Malam, kabejin nan a tsakar gidana yake kwana. Sai kuma in sayi data in kalle shi?"

Idan matar gida ta rufe ka, ba sai ka tambayi halin da matan Gwarinpa suke ciki ba.

Akwai kuma wautar lambobi. Na je ɗaurin aure Abuja, na bi mutane da fara'a na tattaro lamba kusan 200, na kwana ina ajiye su a waya, na zauna jiran masu kallo su ninka. Shiru. Ashe sitatus ba ya isa ga mutum sai idan kai ka ajiye lambarsa shi ma ya ajiye taka. Ni na ajiye su, su kuwa sun manta da ni tun kafin a raba goro. Da na ce bari in bi su da saƙo ɗaya bayan ɗaya, yaron nan ya hana ni, ya ce idan baƙi da yawa suka toshe ka ko suka kai ƙararka, WhatsApp na iya rufe lambar gaba ɗaya. Abin da ya yi aiki a ƙarshe ɗan ƙaramin abu ne: takarda mai faɗin tafin hannu a cikin kowane kwali, ɗauke da lambata da ranar da ake karɓar oda, da roƙon a ajiye lambar. Wadda ta riga ta ci karas ɗinka ta ji zaƙinsa ita ce ke ajiyewa.

Daga nan na shiga taitayina. Abu uku a rana, ba ƙari, tunda kowanne awa 24 yake yi ya ɓace, ba sai na danne shi da wani ba. Na kuma kafa ranaku. Talata in saka farashi a kan kilo. Laraba da la'asar in rufe karɓar oda, kuma sai kuɗi ya shigo nake rubuta suna, domin na taɓa sayen kabeji ashirin a kan alkawarin "zan turo anjima", muka yi mako guda muna cin kwaɗon kabeji safe da dare. Alhamis bayan an tashi makaranta in shiga Farin Gada, Juma'a da asuba kaya su hau motar farko. Mutane suka san ranakun nan har suka fi ni kiyayewa. Wata Talatar da na makara, ƙarfe tara ba ta yi ba wata ta rubuto, "Malam, lafiya dai?"

Shiryar kwali ma karatu ce. Mai nauyi a ƙasa: dankali, sai kabeji, sai karas da kokwamba, sai tattasai da koren wake, latas a can sama a naɗe cikin takarda. A huda kwalin ta gefe huɗu don iska. A yanke ganyen karas tun a kasuwa, in ba haka ba shi zai tsotse ruwan jikinsa ya iso a yanƙwane. A rubuta lambar mai kaya a gefe biyu, a karɓi lambar direba da ta mota a tura mata.

Abin da ya ba ni mamaki, ba hotunan kaya ne suka fi jawo magana ba. Wata rana ba ni da abin sakawa, sai na rubuta cewa dankalin turawa ba ya son haske, shi ne ke sa bayansa ya koma kore ya yi ɗaci, kuma kada a wanke shi kafin a ajiye, kada a ƙulle shi a leda, kada a haɗa shi wuri ɗaya da albasa. Abin da kowace tsohuwa a Bokkos ko Mangu ta sani tun tana yarinya. Kafin magariba mata goma sha biyu sun amsa, huɗu sun yi oda. Tun daga ranar, ɗaya cikin ukun da nake sakawa nasiha ce irin wannan. Sai dai na taɓa wuce gona da iri, na ɗauki bidiyon yadda nake zaɓen kaya a rumfar dillalina, allon da ya rubuta lambar wayarsa yana bayana ɓaro-ɓaro. Wata mai gidan abinci a Wuse da ke sayen kaya da yawa ba ta sake kirana ba, sai dillalin ne ya tare ni yana ta godiya, wai na kawo masa kasuwa.

To, mu zo kan sitiroberi.

Baƙi da yawa ba su san ana noma shi a Filato ba. Ana yi, musamman a Chaha kusa da Vom, kuma lokacin sanyi yake fitowa sosai. Sanyin tudun nan namu ne ya karɓe shi, shi ya sa da ya sauka Hawan Kibo ya shiga zafi yake fara neman hanyar lalacewa. Na sha yin nasiha a kansa: ba a wanke shi sai za a ci, don danshi ke kawo masa fumfuna, ba a cire koren hular kansa, ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi, saboda haka ɗanye ɗanye ne har abada. Har wata ta ce ta kwafe maganar ta tura wa 'yan'uwanta.

Cikin watan Fabrairu wata Hajiya a Gwarinpa, wadda ta fi wata uku tana sayen kayana kowane mako, ta ce tana son kilo goma don walimar 'yarta ranar Asabar. Ban taɓa samun oda mai girman wannan ba. Na samo kaya masu kyau ranar Alhamis, jajaye kamar an shafa musu jan baki. Da na zube su a faranti sai shaiɗan ya raɗa min cewa ƙurar hunturu ta ɗan dusashe su, hoto ba zai fito ba. Na ɗebo ruwa na wanke su tas. Suka yi ƙyalli, na ɗauki hoto, mutum 380 suka kalla, ni kuma malamin "kada a wanke" ina ta amsa yabo.

Robobin da nake zubawa ba su isa ba, sai idona ya faɗa kan bokitin fenti fari da muke ajiyar ruwa. Na juye duka kilo goman a ciki, jiƙaƙƙu, na danna murfi har ya yi ƙara, don kada ƙura ta shiga. Uwargida ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, ba za ka huda shi ba?" Na ce mata harkar kasuwa ce, ta bar wa masu ita. Washegari barci ya kwashe ni, motar asuba ta wuce, sai ta ƙarfe goma sha ɗaya na samu. Direba ya saka bokitin a but, inda zafin rana da na salansa suke haɗuwa, ya ɗora buhun dankalin wani a kai. Suka bi ta Akwanga da Keffi rana tsaka, suka zo Mararraba suka tarar da cunkoson yammacin Juma'a, wanda duk mai shiga Abuja ta Nyanya ya san ba a yi masa gaggawa.

Bayan isha'i waya ta yi ƙara.

"Malam, barka da dare. Ya iyali?"

"Lafiya lau, Hajiya, ranki ya daɗe. Saƙo ya iso?"

"Ya iso. Tambaya ce da ni. Zoɓo na ce ka aiko?"

Ta turo hoto. Jan ruwa ne ya kai rabin bokiti, kumfa a sama, 'yan korayen huluna suna yawo a kai kamar kwaɗi a kududdufi. Ta ce da yarinyarta ta buɗe murfin sai da ta ja da baya, wai warin ya yi kama da abin da ba a shigowa da shi gidan Musulmi.

Nan take na fara shirya ƙarya. Direba ne, hanya ce, zafin Abuja ne. Uwargida tana gefe tana jin komai, ta ce a hankali, "Hoton da ka saka jiya da ruwa a jikinsu, ita ma ta gani." Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na ce, "Hajiya, laifina ne. Na wanke, na cusa a bokiti, na makara. Gobe kafin azahar wani zai iso, ba ki da ko sisi a ciki."

Ribar wata biyu ta tafi a daren nan. Na kira mai gonar na roƙe shi ya tsinka da sassafe kafin rana ta taɓa su, busassu, masu tauri, ba waɗanda suka nuna lugub ba. Wannan karon robobi ashirin na rabin kilo, kowace an huda murfinta da gefenta, an shimfiɗa tishu a ƙasa, 'ya'yan ba su wuce hawa biyu ba don na sama kada su murƙushe na ƙasa. Na jera su a kwali biyu, na biya kuɗin kujera biyu, ɗaya tawa ɗaya ta sitiroberi. Wani dattijo da aka matse a gefe ya dubi kwalayen ya dube ni, ya ce, "Malam, amarya ce?" Na ce ta fi amarya, amarya ba ta narkewa. Bayan Akwanga ya fara gyangyaɗi yana karkatowa wajen kwalin, haka na tallabe kan bawan Allah nan da kafaɗata har Keffi.

Hajiya ta buɗe roba ɗaya a bakin get, ta ɗaga, ta duba ƙasanta, ta ce, "Yauwa." Ta kuma hana ni tafiya sai da na ci shinkafar biki.

A hanyar dawowa na yi abin da ɗan yayata ya ce hauka ne: na saka hoton bokitin a sitatus, na rubuta kurakurai huɗun da na yi da sunansu. Masu kallo ba su fi na kullum ba, amma Talatar da ta biyo baya oda tara ta shigo daga lambobin da ban sani ba, duk ƙawayen Hajiya, kuma kowace da sallamarta: "Kai ne Malam mai zoɓo?" Sunan ya bi ni har yau.

Yanzu ba na ƙirga masu kallo, taron yuyuyu ne. Littafi gare ni mai bango ja, kowace mai saye da shafinta: abin da take ɗauka, bayan kwana nawa take dawowa, abin da ba ta so. Akwai wadda maigidanta ba ya cin kokwamba, akwai mai son ƙananan dankali don fate. Kwana biyu bayan kaya sun isa nakan tambaya ko akwai abin da ya lalace, in akwai in cike a mako na gaba ba gardama. Wadda ta saya sau huɗu a jere tana samun gyara, ko da damin latas ne. Masu shafi a littafin nan 23 ne, su ke biyan kuɗin makarantar yara. Goggo ma tana da shafi, sai dai layin kuɗinta fari ne fat.

Kwanan baya na tambayi uwargida ko ta fito da ni daga rukunin dillaliya da mai neman kansila. Ta ce ai tun daren da na saka hoton bokiti ta buɗe ni, kuma kullum tana leƙawa.

Na ce, "Kin ga amfanin nasihohin ke nan."

Ta ce, "A'a, Malam. Kashi na biyu nake jira."